Faifan da Ba Ya Jin Zinariya

A bangon shagona da ke unguwar Gata'al Wad a Tamanrasset, can sama da tulin matattun fankoki, akwai wani faifai rataye a ƙusa. Faɗinsa ya kai bakin babban daro, an naɗe shi da baƙar robar taya, igiyarsa tana lilo. Duk mai neman zinariya da ya shigo sai ya ɗaga kai ya tambaya ko na sayarwa ne, don su a wurinsu girman faifai shi ne girman rabo. Nakan ce ba na sayarwa ba ne. Ko kyauta na ba mutum, ba zai kwana biyu a daji ba zai dawo yana zagina. Yayana ne ya naɗa shi da hannunsa, kuma tun da aka naɗa shi bai taɓa jin zinariya ba, ko da ta kai ƙwayar dawa.

Mu biyu mahaifinmu ya koya wa gyara a Maraɗi, a rumfarsa ta gyaran rediyo. Ni na zauna na koya, Yaya kuwa ya koyi rabi ya ce sauran ai hankali ne. Na riga shi zuwa Tamanrasset. Na fara da naɗin injin fanka da na firiji, daga baya masu lambu na Abalessa suka gane ni, suka riƙa kawo mini famfunan ban-ruwa da suka ƙone. Ina cikin haka zancen zinariya ya tashi a hamada, gari ya cika da samarin Nijar, kowa da na'urarsa a ɓoye cikin bargo ko cikin buhun gawayi. Aparai muke ce mata. Sanda ce mai akwati a sama da faifai a ƙasa, mutum ya sa abin ji a kunne ya yi ta shara da ita a fuskar ƙasa. In ta lalace ba inda za a kai ta a fili, sai ta biyo ta ƙofar baya ta zo wurina.

Irin wadda aka fi kawo mini, aikinta ba wuyar ganewa. Faifan ba komai ba ne illa wayar jan ƙarfe da aka naɗa zagaye-zagaye. Akwatin yana watsa wa wayar wuta ya yanke nan take, kamar mutum ya leƙa rijiya ya yi ihu, ya yi shiru yana jiran amsa. In akwai ƙarfe a ƙasa shi ne zai amsa. To amma faifan kansa ba ya yin shiru nan da nan, sai ya ɗan ci gaba da gunaguni, kuma tsawon gunagunin nan ya danganta da nauyin naɗinsa. Waɗanda suka yi lekkol, wato boko, suna kiran wannan nauyi indiktans, haka ma aka rubuta a jikin mitar da nake aunawa da ita. In ka ninka zagayen waya biyu, nauyin ba biyu yake ninkuwa ba, huɗu ne. In ka faɗaɗa faifan ma sai ya ƙaru. Ƙaramar zinariya kuwa muryarta gajera ce, tana amsawa ta yi shiru kafin ƙiftawar ido, don haka kafin faifai mai nauyi ya gama gunaguninsa ta riga ta gama magana. Babban ƙarfe mai kauri ne kaɗai yake jan amsarsa har a ji shi.

Na faɗa wa mutane wannan har bakina ya gaji. Kowa ya zo sai ya ce, "Maigyara, ƙara mini waya, ina so ta ji nesa." A ganinsu waya igiyar guga ce, in ka ƙara tsawo ka ƙara zurfi. Kuma duk cikinsu ba wanda ya kai Yaya kunnen ƙashi.

Shi ne ɗan farin Inna. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba. In za ta aike shi ta ce "kai", in za ta yi zancensa ta ce "wancan". Akwai wani mai sayar da gawayi a layinmu mai suna irin nasa, shi ma ta laƙaba masa wani abu dabam don kada bakinta ya furta. Da muna yara na ɗauka ba ta sonsa, har nakan ji tausayinsa, shi kuwa dariya yake yi mini, ya ce ni ake kiran sunana saboda ni ake aike. Da ya biyo ni Tamanrasset, duk Juma'a Inna takan bugo waya. Ta tambayi lafiyata, da ta shago, da sanyin garin, da ko ina cin abinci mai zafi, sai can ƙarshe, kamar abin da ta manta, ta ce, "Sauran mutane hwa, suna lahiya?" Shi kaɗai ne sauran mutanen. Yana zaune kusa da ni yana jin ta, ba ya karɓar wayar, sai dai ya sunkuyar da kai yana murmushi yana shafa gemunsa.

Ya ɗan taɓa leburanci a gine-ginen unguwa, yana ɗaukar bulo yana kwaɓa siminti, amma Yaya ba mai zama ƙarƙashin wani ba ne. Ya haɗu da wani Ba'abzine mutumin Agadas, dogo, mai ƙarancin magana, mai tsohuwar mota, suka ƙulla tafiya daji. Aparai ɗinsu tana da ƙaramin faifai mai kyau, sai Yaya ya raina shi. Wata rana da hantsi na dawo daga kai famfo na tarar da shi zaune dirshan a tsakar shago. Ya kife darona na wanki, ya warware wayar wani mataccen inji, yana naɗa ta a bakin daron yana waƙa.

Na ce, "Yaya, mi kake yi?"

Ya ce, "Kunne nike yi ma aparai. Wanga ƙaramin na yara ne."

"In ka hwaɗaɗa shi rage zagaye za ka yi, ba ƙarawa ba."

"Ji shi! Wa ya riga wani shiga rumhwar Baba?"

"Kai ka riga ni shiga, kai ka riga ni hita."

Ya yi dariya ya ci gaba da naɗinsa. Na ƙyale shi, don in Yaya ya sa kansa abu ko liman ya zo sai ya jira. Da ya gama na ɗora mita a kai, lambar ta haura ta wuce duk inda faifan kirki yake tsayawa, ninkin ba ninkin. Muka haɗa shi da akwatin, ya kama kuka ba ƙaƙƙautawa alhali ba wani ƙarfe a kusa. Na canza wani ɗan ƙaramin abu a bakin igiyar don ya rage masa gunaguni, na murɗa maɓallin jinkiri har ƙarshe, wato wanda yake sa akwatin ya daɗe kafin ya saurara. Sai ya yi shiru. Ina da wani ɗan guntun zinariya da wani ya bar mini don gwaji, na goga shi a fuskar faifan. Ko motsi. Yaya ya ɗauko guduma, tun yana nesa akwatin ya saki wani irin kuka mai kauri, mai ja, kamar na saniya a bayan gari.

Ya ce, "Ka ji ko? Tun daga ina ya ji ta!"

Na ce, "Guduma ya ji. Guduma za ka nema?"

"Babbar zinariya nike nema. Ni ba ni da lokacin tsintar tsaki."

Na ce masa faifan nan halinsa ya ɗauko, ba ya yin shiru ya ji ta wani. Ya jefe ni da guntun roba.

Suka tafi suka dawo. Yaya ya dawo da baƙar fuska da tarin tsohon ƙarfe, da guntun sifirin ɗin mota, da ƙafar wani murhu, da wani abu mai nauyi tun na zamanin Nasara da har yau ban san ko na mene ne ba. Waɗanda suka biyo bayansa da ƙananan faya-fayansu sun tsinci ɗan abin da suka tsinta a wurin da ya riga ya share ya wuce. Ban ce masa komai ba, sai da ya ci abinci, sannan na faɗa masa komai. Shi da kansa ya taka benci ya rataye faifan a ƙusar nan, ya ce, "Aje mini shi, ranarshi na zuwa." Da za su koma ya mayar da ƙaramin faifan, kuma ya buɗe akwatina ya ɗauki ƙarfen liƙin Baba. Tsohon ƙarfen liƙa dalma ne, mai kan jan ƙarfe kamar ƙwan agwagwa, irin wanda ake turawa cikin garwashi ya yi zafi. Mariƙinsa na icce ya tsage tun muna yara, Baba ya ɗaure shi da waya. A daji ba lantarki, igiyoyin aparai kuwa kullum cikin tsinkewa suke, don haka yana da gaskiya. Amma na ce ya dawo mini da shi, gadonmu ne mu biyu. Ya ce to, ya cusa shi a aljihun jaka.

Ba'abzinen ne ya dawo shi kaɗai. Ya tsaya a bakin ƙofar shago da rana tsaka, rawaninsa ya rufe komai sai ido, ya yi sallama bai shigo ba. Tun daga nan na ajiye abin da ke hannuna. Ya ce rami ne ya rufta da Yaya. Sun tono shi da hannu da shebur, kafin su kai gare shi rai ya yi halinsa. Sun yi masa abin da ya sawwaƙa, sun yi masa salla, sun rufe shi.

Na ce, "Ina kunka sa shi?"

Ya ce, "Yamma da Abalessa, da nisa, cikin wani kwari mai baƙin dutse. Kada ka damu, ƙanena, mun sa mishi ƙarfe."

Sai a ranar na san wannan al'ada, duk daɗewata ina gyara musu kaya. Masu neman zinariya ba sa ajiye lambar wuri a waya, don in jandarma suka tare mutum ita ce shaida a kansa. Tarin duwatsu kuma ba ya kwana a can, don duk wanda ya zo wucewa sai ya kifar da shi ya duba ko wani ya ɓoye rabonsa a ƙasa. Saboda haka in ɗayansu ya rasu suna haƙa masa kabari, kai a kudu fuska gabas, sannan su ɗauki wani ƙarfe nasa, kan diga ko bakin shebur, su naɗe shi cikin ƙyallen rawani su ƙulle, su binne shi can gaba da kansa, zurfin kamu ɗaya. Duk wanda aparai ɗinsa ta yi kuka ya tona ya ga ƙarfe a ƙulle cikin ƙyalle, ya san abin da ke arewa da shi. Sai ya mayar, ya yi addu'a, ya kewaya ta kudu. Ba'abzinen ya ce digar Yaya ta tafi cikin ramin, don haka abin da suka samu a jakarsa shi suka sa.

Na buga wa Inna waya. Ta saurare ni har na gama, ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba.

Ta ce, "Kai ka gani?"

Na ce, "A'a Inna, wanda ya gani shi ya hwaɗa mini."

Ta ce, "To, ji ka yi." Ta kashe wayar.

Aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in a gidan kawunmu, Inna ko leƙawa ba ta yi ba, ta ce ba a yi wa mai rai sadaka. Matar Yaya ta shiga takaba ta fita. Masu zuwa gaisuwa kuwa Inna ta tarbe su da fura, ta tambaye su lafiyar yara, ta raka su ƙofa. Ni kuma Juma'a ta zame mini abin tsoro. Wayar za ta yi ƙara, a tambayi lafiyata da ta shago da sanyin gari, sai can ƙarshe in ji, "Sauran mutane hwa?" In na ce, "Inna, ai kin sani," sai ta ce, "Ka tahi ka gani?" Ƙanwarmu ta ce mini ta rame, ta daina zuwa ko'ina, wai kada ya dawo bai tarar da ita ba. Na yi fushi da ita a raina, na yi fushi da shi, na yi fushi da zinariyar da uban da ya fara ganinta. Amma na san Inna. In ban tsaya a kan kabarin nan da ƙafata ba, haka za ta zauna a bakin zaure har nata ya zo.

Sai da aka yi watanni kafin hanya ta lafa Ba'abzinen ya yarda ya kai ni. Na zaɓi faifai mafi kyau da ke hannuna, ƙarami, mai sauƙin naɗi, mai jin ko kan allura. Muka wuce lambunan Abalessa da dabinonsu, muka bar kwalta, muka shiga inda ba icce ba ciyawa. Kwarin da ya kai ni faɗi gare shi, duk baƙin dutse, kuma an huda shi ko'ina. Bayan tafiyarsu wasu sun zo sun yi sansani, bayansu wasu. Ruwa ma ya taɓa saukowa daga tsaunuka ya kwashe yashi daga nan ya jibge a can. Mutumin da ya ce mini kada in damu ya tsaya yana juyi, ya nuna nan, ya nuna can, daga baya ya sauke hannunsa.

Na kunna aparai. Tun taku na farko ta kama ihu. Murfin kwalba, takardar azurfa ta ƙunshin shayi, gutsattsarin gwangwanin kifi da tsatsa ta ci, ƙusa, guntun waya, ba abin da ba ta ji ba. Su kansu baƙaƙen duwatsun wurin suna da ƙarfe a jikinsu, kowanne sai ya tanka. Na tona har farcena ya fashe, ban samu komai ba sai sharar mutane. Muka wuni, muka sake wuni, ruwanmu ya ja baya. Na cire abin jin daga kunnena na yi wurgi da shi, na zagi faifan da wanda ya ƙera shi, alhali ba laifinsa ba ne, aikin da aka yi shi dominsa yake yi. Muka juyo.

Na ce wa Inna na je ban gane wurin ba. Ta ce to. Juma'ar da ta biyo baya na ji wani sauƙi a muryarta, har da 'yar dariya, ta ce ai dama ta faɗa. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Bayan 'yan kwanaki ina zaune da azahar ina naɗin wani famfo, guduma ta zame daga kan benci ta faɗi. Na sunkuya zan ɗauka, sai na tuna wata gudumar, na ɗaga kai. Faifan yana nan a ƙusarsa, ƙura ta rufe shi. Na sauko da shi na haɗa da akwati, na murɗa jinkiri har ƙarshe. A aljihun rigar da na je daji da ita akwai sauran tarkacen da na tono, da wani baƙin dutse. Na zube su a ƙasa na wuce da faifan a kansu, bai ce uffan ba. Na ɗauki wani tsohon kan diga na zagaya bayan unguwa inda busasshen rafi yake, na binne shi fiye da kamu, na wuce a kai. Kukan saniyar nan ya tashi a kunnena, mai kauri, mai ja. Na zauna a kan yashin. Ashe Yaya ya zauna a tsakar shagona yana waƙa ya naɗa abin da ba ya jin komai a duniya sai irin abin da aka binne a kansa.

Ba'abzinen bai so komawa ba, amma da ya ga faifan ya gane shi, ya daɗe yana kallonsa, ya ce in shirya. Nauyi gare shi, sai da na ɗaura wa sandar igiya na rataya a kafaɗa. Muka isa kwarin da hantsi na kunna. Wurin da ya cika mini kunne da ihu a zuwan farko ya yi tsit. Ina tafe ina shara, ba abin da nake ji sai ɗan huci a cikin abin jin da takun ƙafata. Na ga murafun kwalba da idona faifan ya wuce su. Shirun nan ya fi ihun ban tsoro, har na riƙa waiwaye ko da mai bina.

Can sai ya yi kuka. Na durƙusa na tona da hannu a hankali. Na taɓo ƙulli. Shuɗin ƙyalle ne, a ciki kan diga. Ba'abzinen ya girgiza kai. Muka mayar, muka rufe, muka yi wa mai shi addu'a, muka kewaya ta kudu. Ban yi nisa ba ya sake kuka. Wannan bakin shebur ne cikin farin ƙyalle. Na gaba jak ɗin mota, na gaba da shi wata ƙaramar tukunyar ƙarfe da cokali a ciki. Ba'abzinen ya ce ranar da suka rufe Yaya mutum biyu kaɗai suka san suna kwance a kwarin. Na daina lissafi. Kowane ƙulli da irin hannun da ya ƙulla shi, wani an yi shi da natsuwa, wani ka san cikin sauri aka yi ana kallon hanya. Ban san sunan ko ɗaya ba, ban san ko daga Damagaram yake ko daga Tawa ba, ban san wace ce take zaune a bakin zaure dominsa ba. Sai na tuna a zuwan farko mun yi kwana biyu muna zirga-zirga a wurin nan, muna tona shara muna zagi, muna taka su. Na cire takalmana na rataya a wuya, na ci gaba da tafiya a kan duwatsun da zafinsu.

Wajen la'asar, kusa da wani dutse da ya karkata, kukan ya canza. Ya fi sauran taushi, kuma ya fi su daɗewa kafin ya mutu. Baƙin ƙarfe ba haka yake amsawa ba, wanda ya yi shekaru yana taɓa jan ƙarfe ya san muryarsa. Na kashe akwatin tun ban tona ba. Ƙyallen da ya fito na rawanin Ba'abzinen ne, shi ya fara gane shi, ya ja da baya ya zauna ya rufe idonsa da hannu. Na kwance ƙullin. Kan ƙarfen ya yi kore, mariƙin ya bushe ya ƙara tsagewa, amma wayar da Baba ya ɗaure shi da ita tana nan yadda ya murɗa ta.

Na daɗe riƙe da shi. Arewa da gwiwata ba komai sai yashi da tsakuwa, shimfiɗe, ba tudu ba alama. Na yi wa Yaya sallama. Na ce masa faifansa ya yi aiki, ranarsa ta zo, ya ci gardama. Daga nan ban iya ci gaba ba. Da na natsu na soma cusa ƙarfen a aljihuna, don na ce gadonmu ne, kuma in na kai wa Inna ta taɓa da hannunta magana ta ƙare.

Ba'abzinen ya ce, "Ƙanena, in ka ɗauka ya ɓace ke nan."

Na san gaskiya ya faɗa. Na mayar da shi cikin ƙyallen, na yage bakin rigata na ƙara masa, na ƙulle da kyau, na mayar da shi inda yake na rufe. Muka yi salla a kudu da shi, muka yi masa addu'a shi da maƙwabtansa.

Waya ba ta kamawa a can, sai washegari da muka iso gefen lambunan Abalessa. Na sauka na tsaya a inuwar wata katanga. Ba ranar Juma'a ba ce, kuma ni ne na kira, don haka tun kafin in yi magana ta san da wani abu. Ba ta tambayi shago ba.

Na ce, "Inna, na tahi. Na gani."

Ta ce, "Mi ka gani?"

"Ƙarhen liƙin Baba, mai waya ga mariƙi. Shi sunka sa mishi wajen kai. Na riƙe shi da hannuna, na maida shi."

A bayan katangar wani famfo yana ta bugawa, ruwa yana zuba cikin kwalbati.

Ta ce, "Shi ɗaya ne wurin?"

Na ce, "A'a Inna. Akwai mutane kusa da shi, da yawa."

Na ji ta ja numfashi. Sai ta kira sunansa. Ba da ni take ba, ta kira shi ne da ɗan ƙarfi, tana jan ƙarshen, yadda uwa take leƙowa ƙofa ta kira yaro ya shigo an sauke tuwo. Tun da na zo duniya ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, har sai da na ji kamar na wani baƙo ne. Ta sake kira sau ɗaya, a hankali. Daga nan na ji ƙanwarmu ta rugo, wayar ta faɗi.

Faifan na mayar da shi ƙusarsa. Wani lokaci dattijo yakan zo daga Nijar da 'yar jakarsa, an kwatanta masa shagona, ba zinariya yake nema ba. Irin waɗannan nake saukowa da shi dominsu.

Juma'ar da ta biyo bayan dawowata Inna ta bugo kamar kullum. Ta tambayi lafiyata, da ta shago, da sanyin garin, da ko ina cin abinci mai zafi. Na amsa duka. Sai ta yi shiru, ni ma na yi shiru, wayar tana kunnena ina kallon bencin da yake zama. Muka daɗe a haka, sannan ta ce in gai da maƙwabta.